Wayar da ba ta san yatsana ba

Da tunkiyar Inna na tafi Ikko. Ke Bilki, aje wayar nan ki sa hannu cikin gyaɗa, ba da yatsa ɗaya ake ɓara ba. Tunda kun ce ku ma birni kuke so, to ku buɗe kunne, don ni ba zan maimaita ba. Na ce da tunkiyar Inna na tafi. Wata fara ce mai baƙin kunne, har da ciki gare ta. Ranar kasuwar Yankara ubanki, Yaya Sada, ya ja ta ya saida, ya tsakuri na shayi a zaure yana tsammanin ban gani ba. Lokacin mijina ya rasu, na ida takaba, na dawo gidan nan ina cin tuwo ana bin hannuna da ido. Inna ta ƙulle kuɗin a bakin wani tsohon ɗankwali ta jefo mani kan tabarma. Ba miƙowa ta yi ba, jefowa ta yi. Waɗanda suka riski kakarku a cikinku sun sani, mace ce da ba ta iya lallashi ba, ko jariri ne ya yi kuka sai ta tambaye shi dalili.

"Rakiya," in ji ta, "ba aro ba ne, kada ki dame ni da zancen biya. Abu ɗaya ne. Ran da na aika ki zo, ki zo. Ba ni kira sau biyu."

Na ce to. Ku riƙe wannan maganar, ita ce labarin duka, sauran surutuna ne.

A Agege na sauka, gidan wata Hajiya mai girkin biki. Mu nan girki muke cewa, can sai an murɗe baki an ce kitarin. Kitarin ɗin kuwa shinkafa ce dai da miya, sai tsada. Hajiyar nan can aka haife ta, Hausarta ma sai kin yi haƙuri da ita, amma ita ce mai gyara mani magana. In na ce "ɗiya" ta yi dariya, in na ce "mi" ta ce, "Mi kuma? Akuya ce ke?" Aikina wanke tukwane, manya-manya, irin waɗanda in kika shiga ciki kika durƙusa ba mai ganinki. Tun safe hannuna na cikin ruwan sabulu da soson ƙarfe har rana ta faɗi. Ku dubi yatsun nan. Wannan faso ba na noma ba ne, na Ikko ne.

Ɗakin da na kama kuwa, kada Allah ya kai ku. Doguwar hanya ce a tsakiya, ɗakuna na kallon juna, in kika yi atishawa na ƙarshen layi ya ce yarhamukillah. Mai gidan wata tsohuwa ce mai yawo da makullin rijiya a wuya. Wata rana ta tare ni a ƙofa ta ce ina ɓarnar ruwa.

"Alwala nake yi, Mama."

"Sau nawa a rana?"

"Yadda aka ce."

"To ki ce ma wanda ya ce ya ƙaro maki guga."

Na ƙyale ta, don ɗakin nata ne. Amma daga ranar ruwan wankin tukunyar da na ɗebo a leda can nake kai shi gindin barkonon da take ji da shi a bayan gida. Bai yi wata ba ya bushe, ta ce asiri aka yi mata.

To ina da wata 'yar wayata da na tafi da ita, irin wadda kuke ce ma rakani-kashi kuna dariya. Ku yi dariyarku. Wayar nan ta san ni. Ban yi boko ba, ba na karanta suna, amma babban yatsana ya haddace ta: ƙasa, ƙasa, kore, sai ga muryar Yaya Sada, in ce ya kai ma Inna. Da hannu jiƙe ina latsa ta, da kumfa ina latsa ta, ta faɗa tukunya na tsamo ta na shanya bisa murfi ta tashi. Duk Juma'a nakan ji Inna. Ba wata hira ba ce, "Kina lafiya? To. Kina salla? To. Kashe, kuɗi na tafiya." Amma na ji ta.

Sai Hajiya ta ga ba ta iya ganin abin da nake yi in tana wurin biki. Ta dawo wata rana da kwali, ta tara ma'aikata ta ce ta yi mani gata. Babbar waya ce, ta shafa, gilashi tun daga sama har ƙasa, ba maɓalli ko ɗaya a fuskarta. Ta ce da ita za ta riƙa kirana ta hoto in nuna mata cikin tukunya ta ga ko ta fita. Gatan kuwa daga albashina aka riƙa yanka shi, wannan sai daga baya na sani. Aka zo sa layi, nawa ya ƙi shiga, wai tsohon yayi ne, ya yi faɗi.

"Layin naki ma ɗan ƙauye ne," in ji ta, "kansa ƙato irin na mai shi."

Ta sa mani wani sabo. Tsohuwar wayata da layinta ta jefa su cikin durowar ɗakinta ta ce kada in ƙara fito mata da wannan abin kunya gaban baƙi.

Ke Bilki da kike shafa taki kamar kina lallaɓa mage, ba ki san abin nan na da zaɓen mutane ba. Wayar nan ta ƙi yatsana ƙiri-ƙiri. In kira ya shigo, sai wani kore ya riƙa tsalle, an ce a ja shi. In danna, shiru. In danna da ƙarfi har gilashin ya yi wani ruwa-ruwa, shiru. In goge hannu a zani in ja, sai kiran ya katse. Amma in na soke ta a ƙugu ina aiki, gumi kaɗai ya ishe ta, ita da kanta za ta kira mai gas, ta kira mai nama, ta ɗauki hoton cikin zanina. Sunaye kuwa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ki taɓa kaɗan su zube ƙasa da gudu, wanda kika sa ma ido ya ɓace. Fitila sai an bi ta wani lungu. Rediyo sai an soka igiya a kunne. Ni da nake latsa waya cikin duhu ban duba ba, na koma ina riƙe ta da hannu biyu ina roƙonta.

Ran nan hannuna duk man ja, Hajiya na kira, na rasa yadda zan yi, sai na kai hanci na ja koren nan. Ta ɗauka. Abin da Hajiya ta fara gani a gilashinta ƙofofin hancina ne. Shi ke nan na zama abin nishaɗin gida. In ƙawayenta suka zo, masu gwala-gwalai har gwiwar hannu, sai ta ce, "Ku tsaya ku ga wani abu." Tana zaune a falo, ina tsakar gida tana hange na ta taga, sai ta kira. In tsame hannu in goge, ta ƙwala mani, "A'a, da hancin, Rakiya, da hancin." In yi. Su yi ta dariya har da riƙe ciki, wata ta ce a sake. Na girmi wasu cikinsu. Na yi don albashi, kuma duk sanda na yi sai na tsine ma kowace a zuci da sunanta.

Abin da ya fi damuna, na kasa samun gida in ba su sabuwar lamba. Na sa aka shigar mani da lambar Yaya, in kira, wata mata ta yi ta Turanci. Na ɗauka yatsana ne, na ɗauka wayar ce ke mani halinta. Sai wurin mai shayin bakin layinmu, wani mutumin Sabuwa, na ji ana cewa ai an katse sabis a ƙasarmu gaba ɗaya saboda ɓarayin daji, daga Faskari har Ƙanƙara ba waya mai shiga. Kun tuna lokacin, ku ne kuke hawa dutse kuna ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Ashe ubanki ya taɓa yin kasada ya fita har inda sabis yake, ya kira tsohuwar lambata. Tana cikin durowa a kashe.

Kun san dabarar da mutane suka koma yi. A ɗauki magana a waya, a zare memori, a naɗe a leda, a ba direba. To wata ranar Laraba, ana saura kwana kaɗan wani babban biki da Hajiya ta karɓi girkinsa, sai ga direban motar masara yana sallama a ƙofa, yana neman Rakiya 'yar Yankara. Ya miƙo mani ƙullin leda ɗan mitsitsi, an ɗaure da zaren buhu. Ɗaurin Yaya ne, na san shi.

"Lafiya dai ko, Malam?"

"Wallahi ban sani ba. A Sheme wani ya ba ni, shi ma ba shi aka yi. In akwai amsa ki kawo kafin mu juya."

Nan take na sa aka buɗe bayan wayar aka saka. Ga abin nan ya fito, ɗan zane kamar bakin lasifika. Na taɓa da yatsa, shiru. Na taɓa da hanci, a gaban kowa, ban damu ba. Sai wani rubutu ya fito ya ɓace. Mai yanka mana albasa ta karanta ta ce wai wayar ta ce ba ta san irin wannan muryar ba, ba za ta iya kunna ta ba. Ki ji fa. Wayar da ke kunna waƙar Indiya da wa'azi da kukan jaririn wani a wata ƙasa, muryar uwata ce ba ta sani ba, don a ƙaramar waya aka ɗauka.

Mai shayi na da ƙaramar waya, na sani. Amma maganar gidanmu ce, ban san mi ke ciki ba, ba zan kunna ta a teburin shayi maza na zaune ba. Ga kuma tawa kwance a durowa. Na shiga falo na durƙusa.

"Hajiya, a taimaka mani da tsohuwar wayata, saƙo ne daga gida."

"Ta mutu, ba caji. Kawo in sa mata a ɗaki."

Ta amshi memorin ta shige ta turo ƙofa. Na tsaya a nan durƙushe. Ta ɗan jima, ta fito tana gyara ɗauri, fuskarta sumul.

"Gaisuwa ce kawai. Tsohuwarku ce, tana cewa kowa lafiya, damina ta yi kyau. Wayar ta sake mutuwa, batirin ya kumbura. Tashi, tukwane na jiranki."

"Ba ta ce komai ba kuma?"

"Mi kike so ta ce? Ku dai mutanen ƙauye, a bi dogon titi da leda don a ce ina kwana."

Har da "mi" ɗin nawa ta kwaikwaya. Ni kuwa na ji sanyi a raina, na yi hamdala. Na je kasuwa na sayo ma Inna atamfa, shuɗiya mai zanen ganye, irin wadda ba ta taɓa ɗaurawa ba, na ce sai na je da kaina zan ba ta.

Ranar bikin aka ba mu anko mu ma, wai kada mu ɓata hoto. Ana tsakiyar kiɗa Hajiya ta jawo ni, rannan har da dafa mani kafaɗa. Ta ce ai direba gobe zai juya, kawo wayar in ɗauke ki bidiyo, tsohuwa ta gan ki da idonta, ya fi murya. Na ji daɗi wallahi. Na zaro atamfar daga jaka na buɗe ta a ƙirjina, na ce, "Inna, ga naki, ga naki nan na aje maki." Ganga na bugawa a bayana kamar za ta fasa kunne. Hajiya na bayan waya tana cewa, "Yi dariya mana, taka rawa ta ga kina jin daɗi. Gaya mata yaushe za ki zo." Wata ta yi mani cakulkuli, na ƙyalƙyale. Na matso kusa da wayar na ɗaga murya don a ji, na ce, "Ba yanzu ba, aiki ya yi yawa. Sai bayan Salla in Allah ya kai mu." Aka tura a memorin nan dai, na ƙulle da zaren Yaya, na kai ma direba da kaina har da goro.

Bayan wasu makonni wata 'yar Sheme mai kawo daddawa da kuka ta iske ni ina kankare ƙanzo. Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa.

"Ashe kina nan. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙurin mi?"

Ta aje kwandonta. Ba sai na gaya maku sauran ba.

Na shiga falo ban yi sallama ba, da soson ƙarfe a hannuna. Hajiya na cin tuffa.

"Mi Inna ta ce a memorin nan?"

Ko gezau. "Ta ce ba ta da lafiya ki zo."

"Kika ce mani gaisuwa ce."

"Da kin tafi wa zai wanke mani tukwanen biki? Ke likita ce? Da kin je za ki riƙe mata rai ne? Tsofaffi kullum cikin cewa za su mutu suke. Na yi niyyar gaya maki bayan biki, sai na manta."

Sai na manta. Da wannan bakin mai tuffa ta faɗa. Na ɗaga hannu, Allah ya riƙe shi, don da na sauke da yanzu a gidan yari kuke kawo mani ziyara. Na ce ta ba ni tsohuwar wayata, ta ce ta ba mai kwasar shara. Na ce Allah ya isa. Ta ce in rufe mata ƙofa in na fita, sauro na shigowa.

Na iso Yankara ana kiran la'asar. An daɗe da share makoki, tabarmin ma an maida ma masu su. Ba wanda ya tarye ni. Mata suna tsakar gidan nan, nan inda kuke zaune, suka amsa sallamata a ciki-ciki. Ubanki ya fito daga ɗaki da 'yar wayarsa a hannu, bai ce sannu da hanya ba. Ya ce zauna. Ya latsa, da yatsa ɗaya, nan take ta kama.

Muryar Inna ce, ta sirance, tana ja da ƙyar. "Rakiya. Ni ce. Jikin ya ƙi. Ki zo." Sai tari. Sai ta ce da wani a gefe, "Kashe, ya isa." Ko a bakin mutuwa ba ta ƙara kalma ba.

Ya sake latsawa. Gilashin 'yar wayar ya yi baƙi ƙirin, don ita ma ba ta iya nuna hoton babbar waya, sauti kawai take fitarwa. Ganga ta cika gidan. "Inna ga naki" ɗin da na faɗa kiɗa ya haɗiye shi, ko ni da na faɗa ban ji shi ba. Sai dariyata, tas, doguwa. Sai muryata da ƙarfi: ba yanzu ba, aiki ya yi yawa, sai bayan Salla.

"Abin da muka kunna mata ke nan," in ji Yaya. "Ta ce a sake. Muka sake. Ta ce, to ta ji. Ta juya fuska bango. Ba ta ƙara ambaton sunanki ba har ta cika."

Na ce ban ji saƙon ba, ƙarya aka yi mani. Ya ce amsar taki dai ta zo daidai da tambaya. Na ce akwai hoto, ku tsaya ku ga hoton, atamfa nake nuna mata. Na zaro babbar wayar, hawaye na ɗiga kan gilashin, na shafa, na shafa, ta ƙi. A gaban matan gidanmu, a inda aka wanke uwata, na kai hanci. Wata ta yi tsaki, wata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Ya buɗe kuwa. Ga ni nan cikin anko, fuska na ƙyalli, ina juyi, ina dariya har da hawaye, shinkafa da nama tuli a bayana. Suka matso suka leƙa. Ba wadda ta kalli atamfar. Uwarki ce, Bilki, ta fara magana. Ta ce, "Ikko ta karɓe ki, Rakiya. Har wuya kika aje."

Ban sake komawa ba. Wayar tana nan cikin kwalla, wani lokaci in zan sa kwalli nakan duba fuskata a gilashinta, iyakar amfaninta ke nan. Memorin yana wurin ubanki, bai ba ni ba, ban roƙa ba.

Atamfar kuwa na aje ta bakin gadon Inna rannan, don ban san inda zan kai ta ba. Da safe babu ita. Shuɗiya ce mai zanen ganye. Kin san ta, Bilki, kada ki sunkuyar mani da kai. Ita ce uwarki ke ɗaurawa in za ta biki, har takan ce kowa na tambayarta inda ta saya. In kin koma ɗaki ki gaya mata na ce tana yi mata kyau.

Turo mani kwaryar nan, kun bar gyaɗar duk ɓawo.